Ranar Da Baƙin Ƙaho Ya Tsuguna

Wasu cikinku sun ga bidiyon, na sani, don tun ranar Asabar ake ta turo mini shi da hoton nan na mai dariya har da hawaye. Kafin ku ƙara tura shi gaba, ku koma ku duba gefen dama, kusa da dattijon nan mai farar babbar riga. Za ku ga wata yarinya mai jan mayafi ta dafe bakinta da hannu biyu. Ni ce. Sunana Hairat, tela ce ni a unguwar Zogbeli, nan Tamale, kuma abin da kuke yi wa dariya aurena ne.

Shekaruna ashirin da bakwai. A layinmu ba a faɗin irin wannan da ƙarfi. Mma, mahaifiyata, ta rage zuwa suna da biki saboda tambayar da mata ke jefa mata cikin murmushi, wai yaushe za su ci namu. In ta dawo ni take sauke wa. Ta ce keken ɗinki ba ya haihuwa, ta ce ƙannena na bayana duk sun goya. Alhali ta san ba daga ni ba ne. Manema sun zo, Baba ne ke tankaɗe su.

Babana Alhaji Usumanu shi ne shugaban dillalai a kara, kasuwar shanu, kuma yadda yake duba sa kafin ya taya haka yake duba mutum, tun daga tafiya har haƙori. Akwai wanda ya sallama don ya miƙo masa hannu a tsaye. Akwai wani ma'aikacin banki, mai kirki wallahi, da aka gan shi yana riƙe da makirufo a gidan biki yana sa mutane dariya. Baba ya ce shi bai haifi 'yar da zai ba ɗan wasa ba, wanda ya saba a yi masa tafi ba ya zama a gida. Maganar ta zauna mini a kai kamar ƙusa.

Sai Allah ya kawo Yazeed.

Ɗan unguwar Kaladan ne, malamin motsa jiki a wata makarantar kuɗi. Uwarsa 'yar Dagomba ce, a hannun kakansa na wajen uwa ya tashi, kuma duk wanda ya san tarbiyyar tsofaffin Dagomba ya san me nake nufi. Tun daga bakin zaure Yazeed ke tuɓe takalmi. Ba ya durƙuso irin na samarin yanzu da za su ɗan ranƙwafa su miƙe. Tsugunawa yake har ƙasa, kai a sunkuye, yana amsa "naa, naa" ga kowace gaisuwa, ba zai tashi ba sai babba ya gaji ya ce ya tashi. Ko a titi ya hango Baba, sai ya kashe babur ya sauka ya tsuguna a bakin kwata. Na sha yi masa tsiya a kan haka, ya ce shi kansa ba ya sanin lokacin da gwiwarsa ke lanƙwashewa, sai dai ya gan shi a ƙasa.

Ranar da ya fara zuwa, bayan ya tafi, na ji Baba yana ce wa Mma wannan yaron a gida aka haife shi, ba a hanya ba. Mma ta shigo ɗakina tana rawa da faifai a hannu. Kwana goma kafin abin da zan ba ku labari, manyansa suka kawo goro. Baba Yidana, aminin Babana tun suna samari a kara, shi ya karɓa a madadinmu. Baba ya sa aka ajiye goron a ɗakinsa cikin ganye, yana yayyafa masa ruwa da kansa, ya ce sai Juma'ar bayan sati biyu, bayan masallaci, za a raba wa dangi. A wajenmu in an raba goro magana ta ƙare, an ba da ke. Ranar da abin ya faru, kwana shida suka rage mini.

Ga abin da Baba bai sani ba.

Akwai wani littafin zane da wasu samarin garin nan ke bugawa, komik ake ce masa, na wani jarumi mai suna Baƙin Ƙaho. Ɗan makiyayi ne da aradu ta faɗa wa tare da bijiminsa a daji, bijimin ya mutu, ƙarfinsa ya koma jikin mai shi. Tun daga nan yake sa baƙaƙen kaya da ƙaho biyu yana farautar ɓarayin shanu. Ba ɗan makarantar da bai san shi ba a Tamale. Wata 'yar Kumasi, Madam Afia, ta ga abin ya karɓu, ta ce za ta ɗora shi a dandamali da mutane na gaske, da ganguna, da igiyar da za a riƙa ɗaga jarumin sama. Ta shiga neman wanda ya iya tsalle da alkafura. To duk garin nan wa ya kai Yazeed?

Da ta ɗauke shi, ba ku ga murnarsa ba. Ya ce tun yana ƙarami yake son ya yi abu a gaban jama'a su riƙe numfashi. Amma a ranar ya rubuto mini:

"Gobe in na je gaisuwa zan faɗa wa Baba. Ba na son ya ji a bakin wani."

Ina tsakiyar yanka leshin wata amarya na ajiye almakashi. Na rubuta masa, "In ka faɗa, ka manta da ni. Fuska a rufe za ka yi, wa zai san kai ne? Bari a raba goro tukuna."

"Hairat, ƙarya ce fa."

"Shiru ne. Shiru ba ƙarya ba ne."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana tashi tana ɓacewa. Daga ƙarshe kalma huɗu ya turo: "To, yadda kika ce."

Ku riƙe wannan da kyau, 'yan uwa, don kada ku tausaya mini fiye da yadda na cancanta. Ni na ce a ɓoye.

Ban tsaya nan ba, ni na ɗinka kayan. Sai in sauke labulen shago da rana tsaka in ce kaina ke ciwo, in zauna ina haɗa baƙin yadin nan mai talewa da ke bin jiki. Alkyabbar bayan da fugu na yi ta, saƙin hannun nan na Dagomba, baƙi da fari. Ƙahonin na gaske ne, wani mahauci ya ba ni, na kankare na shafa musu baƙin fenti. Dukawa suka yi takalmin, dogo har gwiwa, igiya tun daga yatsu har sama, sai an yi minti biyar ana ɗaure shi. Hular fuskar ce ta fi ba ni wahala. Madam Afia ta ce duk tallarta a kan sirrin nan take, kada kowa ya san wanda ke ciki sai sun kai Accra. Don haka na rufe ramin idon da baƙar raga ninki biyu. Yazeed ya gwada ya ce ba ya ganin komai sai abin da ke dab da hancinsa. Na yi dariya na ce ai gara haka.

Ranar Asabar, ranar wasan farko, na riga na shirya ƙaryata, zan ce zan kai wa wata ɗinki unguwar Gumbihini. Ina goge jan mayafina wajen sha biyu da rabi sai ga Baba ya dawo daga kara, abin da bai saba ba, fuskarsa a sake. Ya ce Mma ta fito masa da farar babbar rigarsa mai aiki da jar dara. Wai wata mata 'yar kudu ce ta zo har kara tana neman shugaban dillalai. Babban mutumin da zai yi musu ciyaman ya fasa da safe, kun san kuma a garin nan ko bikin yaye kaji za a yi sai da ciyaman a kujerar gaba. Ta ce masa taro ne a kan satar shanu, wa ya fi shi cancanta? Baba da aka taɓa kore masa shanu goma sha ɗaya a dare ɗaya, ai ko tambaya bai yi ba.

Ya dube ni ya ce, "Uwata, ki shirya. Turanci za su yi ta yi, ke za ki riƙa juya mini."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Dutsen gugar na nan kan mayafin har sai da na ji ƙauri. Na shige ɗaki na rufo ƙofa na kira Yazeed. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake, na sake. Na rubuta: "Baba ne ciyaman. BABA. Don Allah ka kira ni." Saƙon ya shiga, ba a buɗe ba. Sai na tuna ya taɓa gaya mini dokar Madam Afia: ranar wasa, sha biyu na bugawa take bi da kwando ta karɓe wayar kowa, sai an tashi. Na kira ta ita ma, layi a cike. Na zauna bakin gado ina lissafi kamar mahaukaciya. Fuska a rufe take. Muryar ma ta inji ake bi da ita ta fito kamar tsawa. Baba zai zauna, ya kalla, ya tafi. Me zai faru?

Cikin yelo-yelo, keken hayar nan mai ƙafa uku, Baba sai hira yake da direba a kan farashin dusa, ni kuwa ina ta murza waya har ta yi zafi. Da muka isa babban zauren taron, layi har titi, iyaye da 'ya'yansu, wasu sun ɗaura ƙahon kwali a ka. Masu burkina, abin shan nan na gero da nono, da masu fura sun kafa kasuwa a ƙofa. Madam Afia ta taho da gudu cikin kente, saƙin mutanensu, ta tarbi Baba tana ta "Alhaji sannu, Alhaji na gode". Sai idonta ya faɗa kaina, ta ce da Hausarta ta 'yan kudu da ba ta raba mace da namiji:

"A'a, kai ma ka zo? Alhaji, wannan shi ne..."

Na girgiza mata kai da ƙarfi ta bayan kafaɗar Baba. Mace ce, ta gane akwai wani abu, ta haɗiye sauran. Da Baba ya juya yana gaisawa da wani, na kama hannunta na raɗa mata cewa ta gaya wa Yazeed ciyaman mahaifina ne. A daidai lokacin makaɗan suka saki gangunansu. Ta kanga kunne, ta gyaɗa kai irin na wanda bai ji komai ba, ta ce bayan wasa, bayan wasa, ta ruga ciki.

Aka zaunar da mu a layin farko, Baba a wata kujera mai hannu, ni a gefensa. Aka ja labulen tagogi aka kashe fitilu.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini amfani ba: wasan ya yi kyau. Ban taɓa ganin irinsa ba. An yi daji da hasken kore, an yi shanu da kwali da buhu, mutum biyu-biyu a cikin kowace. Da aradun ta faɗo, zauren ya yi fari fat, mata suka yi salati. Sai hayaƙi ya turnuƙe, sai ga shi ya sauko daga sama a kan igiya, alkyabbar fuguna a buɗe kamar fikafikan shaho, ƙahonin suna ƙyalli. Yara suka miƙe kan kujeru suna kiran sunansa. Ya dira, ya yi alkafura uku a jere ya tsaya cak. Ni da na san kowane ɗinki a jikin kayan nan, sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce a raina, wannan nawa ne, saura kwana shida.

Baba kuwa da farko ya haɗe rai, ya tambaye ni yaushe za a fara taron. Na ce ai shi ke nan, Baba. Ya yi tsaki. Amma da ɓarayin suka shigo suna saɗaɗa, sai ya gyara zama. Ya ce shanun nan ba sa samun kiwo. Ya ce wanda ya koya wa ɓarawon nan jefa igiya ya cuce shi, da haka ake kama sa da tuni ya tsage masa ciki. Ya fara zungurina in juya masa abin da aka ce tun kafin a gama faɗa. Da aka zo inda shugaban ɓarayin, wani mai suna Kura, ya tara shanun gari a bakin rami ya ce ko Baƙin Ƙaho ya durƙusa masa ko ya tura su, zauren ya yi tsit. Muryar nan mai kama da tsawa ta fito da Hausa: "Gwiwata ba ta san ƙasa ba." Yaran duk sun haddace ta daga littafin, tare suka faɗa, har rufin kwano ya amsa.

Baba ya buga hannun kujera ya ce, "Wannan namiji ne."

Kun san me na yi? Na fara mafarki. Na ce wata rana, bayan an ɗaura, bayan na haihu, zan zauna kusa da shi in ce Baba ka tuna namijin nan? Mu yi dariya.

Aka ci ɓarayi da yaƙi, shanun kwali suka yi rawa, aka kunna fitilu. Na fara neman takalmina a ƙarƙashin kujera ina hamdala. Sai Madam Afia ta hau dandamali da wata doguwar sandar makiyaya da aka yi wa ado da jan fata. Ta ce yanzu ciyaman zai miƙa wa jarumi sandar garkuwar gari, jarumi ya ɗaga ta sama ya faɗi kalmarsa ta ƙarshe, a ɗauki hoto. Ban san da wannan ba. Yazeed bai taɓa ambata mini ba, ko don a ganinsa ba wani abu ba ne.

Ta sauko ta ba Baba sandar. Baba ya miƙe yana gyara hannun riga, yana murmushin da rabona da gani tun auren yayana. Baƙin Ƙaho ya taho daga ƙarshen dandamali, ƙirji a gaba, yana taku ɗai-ɗai, ganguna na bin ƙafarsa. Ya sauko matakala ta farko, ta biyu. Wayoyi duk sun tashi sama. Ni ina ta addu'a a cikin mayafi, Allah ka ƙara wa ragar nan kauri. Ya iso har gaban Baba, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba, ya miƙa hannu zai karɓa.

Na ga lokacin da ya gane shi. Hannun ya tsaya a iska. Kafaɗun nan da suka cika dandamali suka sauko.

Sai ya tsuguna.

Har ƙasa, kai a sunkuye, ƙahonin suka kusa taɓa gwiwar Baba. Hannunsa ya tafi kan igiyar takalmi yana ja, yana son ya tuɓe, ta ƙi kwancewa. Mai kula da injin murya bai kashe ba, don haka abin da ya fito daga manyan lasifikokin zauren, da muryar aradu, shi ne:

"Baba, barka da yamma. Naa. Ya gajiya? Naa, Baba, naa."

Dariyar ta fara daga baya ta taho kamar ruwan sama. Wasu sun ɗauka cikin wasan ne, suna tafi. Yaran da suka san jaruminsu ba ya durƙusawa suka fara ihu ya tashi, wata ƙarama a bayana ta fashe da kuka. Madam Afia tana gefe tana yi masa alama da hannu biyu kamar mai korar kaji. Shi dai yana nan a ƙasa yana fama da igiya.

Baba bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya dubi yadda mutumin ya tsuguna, yadda ya ɗora gwiwar hannu a kan cinya. Mai sanin bijimi daga tafiyarsa. A hankali ya ce, "Wane ne a ciki?"

Ba a gaida suruki da rufaffiyar fuska. Yazeed ya kai hannu ƙeya ya zare maɓallan da ni na dasa, ya cire hular da ƙahoninta ya ajiye a ƙasa gefen ƙafar Baba. Gumi ya jiƙe masa kai. Bai ɗago ba.

Nan bidiyon da kuka gani ya ƙare. Sauran ba wanda ya ɗauka.

Baba ya jingine sandar a kujera, ya ce a nuna masa inda zai zauna ba jama'a. Aka kai mu wani ɗan ɗaki a bayan dandamali inda aka tara kawunan shanun kwali. A hanya na ji Madam Afia tana zazzaga wa Yazeed faɗa da Turanci da yarensu Twi, wai ya kashe mata wasa, ya tona fuskar da ta yi wata uku tana ɓoyewa, ya ajiye mata kayanta ya nemi hanyarsa. Ya wuce ta. Ya biyo mu da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya samu ya cire, ya sake tsugunawa a bakin ƙofa.

Baba ya tambaye shi tun yaushe. Ya ce wata uku. Ya tambaye shi ko manyansa da suka kawo goro sun sani, ya ce ba su sani ba. Ya tambaye shi koyarwar fa, ya ce yana nan yana yi. Duk cikin sanyin murya, kamar ana cinikin da ba a so maƙwabta su ji. Sannan Baba ya juyo gare ni.

"Uwata, tambaya ɗaya. Kin san da wannan?"

Ina so in ce muku na yi dogon tunani, na auna, na ga wani dalili. Ban yi ba. Idonsa kawai na kalla. Tunda nake Baba bai taɓa dubana da shakka ba, ko kuɗin kara ya kawo gida ni yake ba ajiya, ba Mma ba. Na ga shakkar tana tsaye a bakin idon tana jiran in buɗe mata. Bakina ya riga ni.

"Ban sani ba, Baba."

Kan Yazeed ya ɗan motsa, kaɗan, kamar wanda ƙuda ya taɓa. Bai kalle ni ba. Yana sanye da kayan da na auna a jikinsa sau huɗu, ya buɗe baki ya ce:

"Ba ta sani ba, Baba. Ni na ɓoye mata."

Baba ya numfasa. Ya miƙe, ya ce masa Allah ya yi albarka, ya gode da gaisuwa. Ya raɓa ta gefensa ya fita. Na bi bayansa, gefen mayafina ya shafi kafaɗar Yazeed, ban tsaya ba.

Muka kama hanyar gida. Bidiyon ya riga mu isowa. Mma na tsakar gida da wayar maƙwabciya a hannu, tukunyar tuwon zafi tana ƙonewa a kan wuta. Ta bi Baba har ƙofar ɗakinsa tana roƙo, ta ce yaro ne, ta ce a dubi shekaruna, ta ce wa zai sake zuwa bayan wannan. Baba ya ce ta ba shi buta. Da ta rasa inda za ta sauke, ta shigo wajena ta rungume ni tana kuka, wai an yaudari 'yarta, wai maza ba su da tsoron Allah. Na bar ta tana shafa mini baya. Ko ita ban faɗa wa ba.

Bayan magariba wayata ta yi ƙara. Yazeed.

"Kun isa lafiya?"

Na rubuta masa shafi guda na goge. Na rubuta, "Ka yafe mini."

"Ki ci abinci."

"In je in faɗa masa gaskiya?"

Wannan karon bai daɗe ba. "Ke kika san Babanki."

Na sake rubutu har sau biyar, bai ƙara buɗewa ba.

Washegari da hantsi Baba Yidana ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, Baba ne ya aika a kira shi. Suka zauna a zaure. Mma ta ɗora mini tiren koko da ƙosai ta ce in kai musu, in kuma buɗe kunne. Ina isa bakin labule na hango ƙunshin goron a gaban Baba, an ɗaure shi da sabuwar igiya. Na tsaya a bayan labulen ina saurare.

Baba Yidana yana ta ba da baki. Ya ce shi ma jikokinsa sun nuna masa a waya. Ya ce Alhaji ka duba fa, yaron nan a gaban mutum ɗari biyar ya zubar da aikinsa da sunansa don kada ya tsaya a kanka, a samarin yau wa zai yi? Ya ce irin wannan ko a kara ka gan shi ba ka bari wani ya riga ka tayawa.

Baba ya dubi ƙunshin goron. Sannan ya ce, "Yidana, wasan bai dame ni ba. Na kalla, na ji daɗinsa, ba zan yi ƙarya ba. Gaisuwarsa kuma har in mutu ba zan manta ba. Da yarinyar nan ta ce mini ta sani, ta gani ta yarda, da fushin kwana biyu zan yi musu in raba goro ranar Juma'a. Ita za ta zauna da shi, ba ni ba. Amma wanda zai yi wata uku yana zuwa zance yana kallon idonta yana ɓoye mata abin da yake, tun ba ta shiga gidansa ba, in ta shiga me zai ɓoye? Ba zan ba shi ba."

Baba Yidana ya ce to ko dai ta sani, kunya ce ta hana ta faɗa?

"Hairat ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Cokali ya zame daga tiren ya faɗi, shi ya tona ni. Baba ya ce in shigo. Na durƙusa na ajiye, na zuba musu kokon, rabi a kofi rabi a tire. Baba Yidana yana kallona irin kallon mai miƙo wa wanda ya faɗa rijiya igiya. Baba ya ɗora hannu a kaina, abin da rabonsa da yi tun ina firamare.

"Ki yi haƙuri, Uwata. Na san da ciwo. Gara yanzu da ki gano daga baya, ko ba haka ba?"

Kalma biyu ce, 'yan uwa. Na sani. Ita ke nan. Tana kan harshena, har ɗacinta nake ji. Amma hannunsa na kaina, da ɗumi, da nauyi, kuma na san ina faɗa zai ɗauke shi.

Na gyaɗa kai.

Baba Yidana ya sauke ido. Bai taɓa kokon ba. Ya ɗauki goron ya fita da shi zai mayar wa manyan Yazeed, na bi shi har ƙofar gida kamar mai rakiya, na tsaya ina kallo yana ɗaure shi a bayan babur da roba. Duk layinmu an san babur ɗin nan, ba ya tashi sai an yi ta bugu, wani lokaci sai an tura shi har bakin titi. Na ce a raina, in ya buga na farko bai tashi ba zan yi gyaran murya. Na biyu zan kira sunansa. Kafin na uku na koma zaure na faɗi a gaban Baba, komai zai faru ya faru.

Ya hau, ya gyara hularsa, ya ce bismillahi.

Bugu ɗaya ya tashi.